Tandun Kwalli

Littafin ƙarami ne, mai koren bango, bai fi faɗin tafin hannu ba. Na gan shi a ɗakin karatu na makarantar 'yan mata a Sakkwato, shekaru bayan abin da zan faɗa. Da Turanci aka rubuta shi, don Turawan da ke aiki a lardin su san inda za su je kallo in sun sami hutu. An ba Wurno rabin shafi. An ambaci ganuwa da hubbare. An ce a Rabah akwai wani tsoho mai ɗaki cike da kayan yaƙin da, in an roƙe shi yakan buɗe. Sa'an nan aka ce duk wanda ya zo Wurno ran kasuwa kada ya wuce rumfar mai magani da ke bayan 'yan kanwa, don irinta ta kusa ƙarewa. Rumfar mahaifina ce. Lokacin da aka buga littafin, albasa ake tarawa a cikinta. Na karanta wurin har ƙarshe, na mayar da littafin inda na ɗauko shi, na tafi cin abinci.

Ni ce 'yar fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a wajenmu, ana jin kunyar ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In yana so a kira ni sai ya ce a kira waccan, ko ya yi wa ƙanena magana alhali da ni yake. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa 'ya'yan fari a unguwarmu. Ni ma nawa gefen ina kiyayewa. Ba na ce masa Baba a gaban mutane, in ta kama dole sai in ce mai rumfa.

Rumfa ake ce mata, amma ɗaki ne na ƙasa mai ƙyauren katako, da tagar da ba ta fi ƙoƙo ba. Daga bakin ƙofa ƙamshinta ke tarar mutum, kanumfari da kimba da tsohuwar fata, da ɗacin sassaƙen maɗaci a ƙarƙashinsu. Tandaye na rataye a bango, manya da ƙanana, wasu na man shanu, wasu na man kaɗanya. Akwai battoci na farar wuta da alif, da gorunan zuma da aka liƙe bakinsu da laka, da saiwoyi a ɗaure kamar itacen girki na 'yar tsana. A ƙasa, dama da tabarmarsa, akwai ɗan dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa.

Kowace bazara idanuna kan yi ja, in tashi da safe sun manne da kwantsa. Shi ke haɗa mini kwalli. Yakan niƙa shi a dutsen nan da wani abu da ban taɓa sanin ko mene ne ba, mai ɗan yaji, wanda ke sa hawaye su zubo kafin ido ya yi sanyi. Tandun da yake zuba mini ƙarami ne ƙwarai, yana ɓacewa a cikin hannuna, da jar igiya da murfin fata mai zamewa a jikin igiyar.

Ga yadda muke yi. Ran kasuwa in an tashi makaranta ni ke kai masa fura. In ajiye ƙwaryar a bakin tabarma, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. In kwallina ya ƙare sai in ajiye tandun kusa da ƙwaryar, ba na cewa komai. Kasuwa ta zagayo in tarar da shi a bayan dutsen niƙa, ya yi nauyi, an toshe bakinsa da sabon farin tsumma a ƙarƙashin murfin. In ɗauka tare da ƙwaryar da ya shanye. Bai taɓa miƙo mini ba, ban taɓa yi masa godiya ba.

A farkon zafin shekarar nan na ajiye tandun kamar kullum. Da yamma ya dawo gida yana riƙe da kai. Washegari ya lallaɓa ya koma rumfa da hantsi, ya daɗe kaɗan, ya dawo ya kwanta, wuyansa ya sanƙare. Sanƙarau ne, ya ɗauki mutane da yawa a garin a lokacin. Kafin kasuwa ta zagayo an kai shi.

Ban yi kuka ba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta satar kallona, ina jin su. Ni abin da na riƙe na kwanakin nan shi ne wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a gefen tabarma, da takalmin wata mata da aka ɗinke da waya. Ina ci in an ba ni, ina barci, bayan sadakar bakwai na koma makaranta. Abu ɗaya ne ke dawo mini, shi ma ba da zafi ba, kamar lissafin da ban gama ba: da ya koma rumfa da hantsin nan, ko ya cika tandun? Baffa, ƙanen mahaifina, ya tattara kayan wuri ɗaya ya kulle ƙyauren, mabuɗin yana aljihunsa. Ba abin da zan iya tambayarsa ba ne.

Bayan sadakar arba'in Baturiyar ta zo. Matar wani jami'in ilmi ce, ta sauka a bariki. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce tana rubuta littafin wuraren kallo, tana kuma tara kayan da don wani ɗaki da za a buɗe a Sakkwato. Tana son yarinya mai jin Turanci ta yi mata tafinta, don za ta shiga gidaje. Ya ce ya zaɓe ni ne don ba ni da surutu. Na ce to. Inna tana takaba, ba ta fita, sai aka ce Goggo, yayar mahaifina, ta bi ni.

Doguwa ce Baturiyar, hannuwanta da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo. Hausarta ta gaisuwa ce, tana kai wa ina gajiya ta tsaya. Motarta kitika ce mai buɗaɗɗen baya, direban kuwa mutumin Gandi ne, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Yana ganin Goggo ya ce ga amaryarsa ta iso, ya shimfiɗa mata buhu a baya. Goggo ta ce ita ba ta auren mai warin fetur.

Da farko muka zaga ganuwa, ta auna wani wuri da ƙafa, ta zana. A hubbare ta tsaya daga waje kamar yadda aka ce mata. Dogarin da hakimi ya haɗa mu da shi ne ya kawo maganar rumfa. Ya ce in tsofaffin kaya take so, ai akwai rumfar marigayi mai magani, babu irinta har Sakkwato. Ya manta ko ni wace ce, ko bai sani ba. Na juya mata maganar da Turanci. Ta ce lalle sai ta gani.

Aka kira Baffa daga fadama, ya zo da laka har ƙauri. Manomin albasa ne, bai san kan magani ba, bai kuma taɓa tsayawa kusa da Bature haka ba. Mabuɗin ya ƙi juyawa sai da ya tofa masa yawu. Ƙyauren ya buɗe, ƙamshin ya fito, ya tsufa kaɗan. Kayan suna tare a kan tabarma yadda Baffa ya tula su. Gizo-gizo ya yi saƙa daga taga zuwa turken rataye tandaye da ya zama wofi. Mutane suka taru a ƙofa har suka tare haske, dogari ya kora su gefe.

Ta durƙusa tana ɗaga abu ɗaya bayan ɗaya, tana sunsuna, tana tambaya. Wanda na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ce ban sani ba. Ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, ta ce in gaya wa Baffa tandayen nan aikin gwanaye ne, ta maimaita har sau nawa.

A wajenmu in baƙo ya yaba abinka, sai ka ce ya ɗauka. Shi kuma ya ce a'a, Allah ya bar maka, ya sa albarka. Kowa ya san magana ce kawai, kamar tayin abinci ga mai wucewa. Baffa ya goge hannu a riga ya ce, "Ce mata in tana so ta ɗauka, nata na."

Na faɗa mata kamar yadda ya faɗa. Fuskarta ta yi ja don murna. Ta miƙe ta kama hannun Baffa mai laka da hannu biyu ta girgiza, ta ce na gode da Hausa. Baffa ya tsaya yana jiran sauran maganar, ba ta zo ba. Ya dubi dogari, dogari yana duban rufi.

Direba ya kawo akwatin katako irin na kananzir da tsofaffin jaridu. Ba duka ta kwashe ba, zaɓa ta yi. Manyan tandaye, battoci, goran zuma ɗaya mai zane, ƙahon tsotse jini, ɗan ma'aunin tagulla. Dutsen niƙa ta gwada ɗagawa ta bar shi. Tana cikin janye wani daurin saiwa sai jar igiyar ta bayyana.

Ta ɗauko shi da yatsu biyu, ta ɗora a tafin hannu. Na zuba wa hannun ido, ko zai ɗan sauka don nauyi, don kwalli abu ne mai nauyi. Ban iya ganewa ba. Murfin yana rufe da baki, ba a ganin tsumman. Ta tambaye ni wannan na mene ne, me ya sa ya fi sauran ƙanƙanta.

Baffa ya san nawa ne. Goggo ma ta sani, tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta. Ga dogari, ga direba, ga kawunan mutane a ƙofa. Na ce na kwalli ne. Ta ce abin sha'awa, ta zana shi a littafinta, ta naɗe shi da jarida, ta cusa shi a kusurwar akwatin. Direba ya ɗaure akwatin da igiya.

Da muka koma gida Goggo ta gaya wa Inna. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ba ɗan kunne, ba kwalli, kitsonta ya tsufa. Ta saurara har ƙarshe ta ce to. Da magariba Baffa ya shigo ya tsaya daga zaure, ya ce mi zai ce, baƙuwar hakimi ce, ta yaba. Na ci tuwona.

Washegari muka tafi Rabah. Baturiyar ba ta yarda a bar akwatin a bariki ba, don haka yana baya tare da mu, na jingina da shi duk hanya. In mota ta faɗa rami sai in ji kayan sun motsa a ciki. Ina ƙoƙarin rarrabe ƙarar kowanne, amma jarida ta danne su. Rana ta yi zafi, idanuna suna ƙaiƙayi. Goggo ta rufe kai da mayafi tana jan tasbaha, tana la'antar direba a tsakanin kowace ƙwaya. Da muka tsaya a wani gulbi da ya kusa ƙafewa don a zuba wa mota ruwa, ya leƙo ya tambayi amarya ko ta ji daɗin hanya. Ta ce in ta mutu a motar nan shi zai biya diyya, ya ce ai miji ba ya biyan diyya, gado yake ci.

Tsohon na Rabah idonsa ɗaya ya yi fari. Ya sa muka jira a zaure har ya gama alwala, sa'an nan ya kai mu wani ɗaki a bayan gida. Ciki da duhu da sanyi da warin jemage. Takubba a jingine, garkuwar fata da ta bushe ta lanƙwashe, kwari babu kibiya, sirdi da gara ta ci gefe ɗaya, wani tambari da ya fashe. A kan turke akwai sulke, ya yi tsatsa a kafaɗa amma yana nan a haɗe. Ya faɗi wanda ya sa kowanne da inda aka je da shi, ina juyawa, tana rubutawa da sauri har fensirinta ya karye. Na lura ƙasan ɗakin a share yake, har da shatin tsintsiya.

Da ta zo kan sulken ta shafa shi, ta yaba kamar yadda ta yaba tandaye. Ta ƙara da cewa a Sakkwato za a sa shi a kabad na gilashi inda tsatsa ba za ta ci shi ba, jikoki su gani. Na juya. Tsohon ya taɓa gemu.

"Ce mata na gode," ya ce. "Ba nawa ba na, ajiya ta. Masu shi suna bayan gari kwance. In sunka yarda, sai ta ɗauka."

Direba ya fita waje don ya yi dariya. Da na juya mata ita ma ta yi dariya, ta ce ta gane, ta tambaya ko zai yarda baƙi su riƙa zuwa kallo. Ya ce in sun zo da sallama, kuma ba ran Juma'a ba.

Muka kama hanyar dawowa. Can Goggo ta ce ka ji inda ake magana. Ta ce da a ce Baffa ya ce kayan marayu ne, ba a raba gado ba, da shi ke nan, ko Gwamna ba zai taɓa ba. Sai ta taɓa ni da gwiwar hannu, ba ta dube ni ba.

"Ke da ke jin yarensu. Ki roƙe ta abinki."

Na san kalmomin. A aji muna karanta irinsu kullum, mahaifina manomi ne, mahaifina yana da doki, ina faɗinsu da ƙarfi tare da kowa don ba nawa ba ne, na littafi ne. Na jera jimlar a kaina: mahaifina ne ya yi mini shi. Na gyara ta, na sake gyarawa. Da muka iso bariki ta sauko tana kakkaɓe siket, ta tsaya a gabana ta ce na yi ƙoƙari yau. Goggo na gefe, direba na kwance igiya. Na ce na gode, na ce sai da safe.

Goronyo muka nufa kashegari, don an gaya mata can ma akwai mai magani. Muka same shi a kasuwa, kusa da inda matan Taloka ke ajiye ƙoren nono. Saurayi ne mai agogo a hannu, ya ji labarin zuwanta ya share rumfa ya jera kaya. Kwalabe ne da gwangwanaye, ƙwayoyin ciwon kai da na zazzaɓi, man zafi, ruwan gishirin wanke ciki, duk daga kanti. Tsofaffin tandayen ubansa ya ce ya zubar tun bara, ƙazanta ce. Ta duba sama-sama, ba ta buɗe littafinta ba. Ya ce in tambaye ta ko za ta sa shi a ciki. Ta ce a'a, nasa sabo ne, irinsa akwai ko'ina. Na gaya masa. Ya ce to shi bai gane ba, kayan ƙasarsu ne fa ya kawo. Har muka bar wurin yana bin mu da kwalba a hannu yana nuna mata rubutun jikinta.

Da azahar muka sauka a barikin Goronyo don ta huta. Direba ya zo sauke akwatin sai ya yi tsalle yana kaɗa hannu. Kiyashi ne, sun yi layi daga taya har cikin akwatin. Goran zuma ya tsage a hanyar Rabah. Aka kwance igiya a inuwar wani gawo, aka fitar da komai. Baturiyar ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce dama ba za a karɓi abin da ƙwari ke ci a ɗakin ba, mazubin ake so, ba abin ciki ba. Ta ce in gaya wa Goggo mu juye duka mu goge, ita kanta na ciwo, za ta kwanta.

Goggo ta ce magani ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Direba bai yi gardama ba, bai kuma ce amarya ba. Ya ɗauko shebur ɗin da yake tono mota da shi in ta kafe, ya haƙa rami a gindin gawon.

Muka zauna a bakin ramin. Goggo na buɗewa tana miƙo mini, ina juyewa. Farar wuta ta sauka rawaya. Alif ya faɗi dunƙule-dunƙule. Wani gari ja, wani toka-toka, wani baƙi mai ƙyalli, ba mu san sunansu ba, ba mu san ciwon da suke yi wa magani ba. Man shanun ya narke don zafi, ya bi hannuna har gwiwa. Ƙamshin rumfa ya taso daga ramin gaba ɗaya, ya fi yadda yake a rumfar ƙarfi. Na jira in ji wani abu. Abin da na ji shi ne ƙafata ta yi sanyi don zama, na gyara ta. Wata akuya ta zo tana leƙe, direba ya jefe ta da ɓawon gora.

Ƙaramin ƙunshin ne ya rage. Goggo ta warware jaridar a hankali. Ba ta miƙo mini ba. Ta ajiye shi a ƙasa kusa da gwiwata, ta tashi da ƙyar tana dafa gawo, ta ce wa direba ya zo ya nuna mata inda rijiyar barikin take, za ta yi alwala. Ya ce ai ga buta cike. Ta ce ta ce ya zo. Suka tafi.

Na ɗauka. Tun kafin ya bar ƙasa na ji nauyin. Duk da haka na zame murfin a kan igiyar. Tsumman fari ne, sabo, an yage shi daga gefen wani ƙyalle, zarensa na tsaye. An cusa shi a karkace, ba kamar yadda ya saba ba, gefe ɗaya ya fi shiga. A jikinsa akwai shatin babban yatsa, baƙi.

Na zauna da shi a hannu. Inuwar gawon ba ta da kauri, rana na sauka ɗigo-ɗigo a kan ramin. Daga kasuwa ina jin wani yana tallan albasa. Na san an ba baƙuwa tandun a gaban mutane, ta kuma zana shi a littafinta, ya riga ya tafi. Amma ta ce abin ciki ba ta so. Na kwance ɗankwalina na makaranta, na shimfiɗa kusurwa ɗaya a cinya, na juye kwallin a kai. Ya taru ɗan tsibi, yana ƙyalli. Na buga gindin tandun da yatsa har ya daina zubowa, na sa tsumman a kan tsibin, na ƙulle kusurwar sau biyu. Tandun na goge shi da jarida, na mayar da murfin, na sa shi cikin akwatin tare da sauran. Direba ya dawo ya rufe ramin, ya daddanna da bayan shebur.

Na sake ganin tandun sau ɗaya. Ina makarantar Sakkwato aka kai ajinmu ɗakin kayan da, muka shiga a layi. Yana cikin kabad na gilashi tsakanin ƙahon da wata batta, jar igiyar ta koɗe, an rubuta Wurno a wata 'yar takarda a gabansa. Na baya suna tura ni, na wuce.

Amma ran nan, da muka dawo daga Goronyo, la'asar ta yi sanyi. Baturiyar ta sauke mu a bakin unguwa, ta ba ni fensir da alewa, ta ce ta ji daɗin aiki da ni. Goggo ta tafi gidanta. Na shiga na gaida Inna, ta amsa tana tsince wake. Na ɗauki madubin ƙanwata na zauna a bayan rumbu, na kwance ƙullin, na tsoma tsinke na ja a ido ɗaya, na ja a ɗayan. Yajin ya kama kamar kullum. Ruwa ya cika idanun ya gangaro, baƙi-baƙi, har haɓa.

Wata maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya ta gan ni. Ta tsaya, ta juya wajen Inna ta rage murya ta ce, Allah sarki, yau dai yarinyar ta yi kuka, gara haka. Ban gyara mata ba. Inna ta ɗago, ta dubi ƙullin da ke cinyata, ta dubi farin tsumman. Ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta mayar da kai kan waken, ta ce wa ƙanena ya ɗauko wa waccan ƙaramar battar da ke cikin kwallarta, kada iska ta kwashe.

Ban yi ajiyar kwallin ba. Idanuna na ciwo, ina sawa kowace safiya kafin in tafi makaranta, ya kai ni har ruwan farko ya sauka. Ɗankwalin kuwa duk wankin da aka yi masa kusurwar ba ta fita ba, malama ta riƙa yi mini faɗa a kai ran duba tsafta, sai na koyi ɗaura shi ta yadda baƙin zai shige ciki.